Maganin kiyashi da ya kore min ƙadangaru masu ƙaho

Har yau abin yana cina. Fili ne ɗan ƙarami a kudancin San Antoniyo, jihar Teksas, ƙasa mai yashi, kuma da na fara kula da shi akwai ƙadangaru masu ƙaho a ciki. Kowa a nan ya san su: faffaɗan jiki kamar kwaɗo, tsawo bai cika wuce santimita 10 ba, ƙahoni a ƙeya, kuma in kare ya matsa musu sai su feso jini daga ido. Tun 1993 jihar ta ɗauke su alamarta a cikin masu jan ciki, kuma doka ta hana kama su ko ajiye su a gida.

Abin da ya dame ni shi ne jan kiyashin nan mai harbi kamar wuta, wanda ya shigo Amurka daga Kudancin Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobil, a jihar Alabama, wajen shekarun 1930. Na san yana cinye ƙwai da ƙananan ƙadangarun. Sai na sayi maganin nan mai kama da tsaki, na watsa shi ko'ina a filin. A nan na tafka kuskuren. Jar tururuwa, mai jidar ƙwayar ciyawa kamar tamu ta gida, ita ma ta kwashi tsakin ta kai raminta. Ita ce kuwa mafi yawan abincin ƙadangaren, babba ɗaya kan lashe gommai a yini. Cikin makonni gidajen tururuwar suka yi tsit, daminar da ta biyo ban ga ƙadangare ko ɗaya ba.

Da na tsaya na bambance gidajen biyu, da hakan bai faru ba. Na tururuwa fili ne fetal, zagayayye, babu ciyawa, faɗinsa ya kai mita guda ko fiye, rami ɗaya a tsakiya, da ƙananan tsakuwa da hanyoyi masu fita. Na kiyashin tulin ƙasa ne mai laushi, babu ƙofa a samansa, kana taɓawa su ɓarke.

Yanzu gida-gida nake bi. Da sanyin safiya, lokacin da kiyashin suka hauro sama, nake kwarara ruwa mai zafi ƙwarai, kamar lita 11, a tsakiyar tulin. Ba kowane gida ke mutuwa a karon farko ba, sai an maimaita, kuma ruwan yana ƙona ciyawar wurin. In dole sai tsakin, a rufaffen mazubi nake zuba shi, mai ƙananan huji da kiyashi zai shiga amma tururuwa ba za ta iya ba, in ajiye dab da tulin. Watsawa kam, na daina har abada.

Kada kuma a yi huɗa daga Oktoba zuwa Maris, domin a lokacin ƙadangarun suna binne cikin ƙasa ba da zurfi ba, suna barcin sanyi. A bar musu sarari mai yashi tsakanin tsirrai.

Tururuwar dai ba ta dawowa da wuri. Sai sabuwar sarauniya ta tashi bayan ruwan sama ta kafa rami, gidan kuma ya ɗauki shekaru kafin ya cika. Gidaje biyu nake da su yanzu a gefen shinge, kuma kullum da hantsi nakan duba bakin hanyoyinsu, inda ƙadangaren ya saba laɓewa.