Mako na goma sha ɗaya: na goge kwamfutar, na koma Inkscape daga tushe

Salamu alaikum 'yan'uwa abokan koyon zane. Mako biyu ba ku ji ɗuriyata ba, ga dalili.

Katin gayyatar ɗaurin auren ƙanwata da na ce muku ina haɗawa, babu shi. Haka tambarin shagon ɗinkin maƙwabcina, da duk atisayen da na tara wata biyu. Ranar wata Talata na kunna kwamfuta, na tarar an liƙa wa sunan kowane fayil wata wutsiya ta haruffa huɗu, ko ɗaya ba ya buɗuwa. A ciki kuma an bar mini takarda da Turanci ana neman dala 980 kafin a buɗe mini su, ko 490 in na biya cikin awa 72. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. Kuɗin ya haura sefa dubu ɗari biyar, ya ninka abin da na sayi kwamfutar. Daga baya na gano sunan cutar STOP/Djvu, kuma babbar hanyar da take yaɗuwa ita ce manhajojin da aka fasa, wato na kuɗi da aka taɓa su don su yi aiki ba a biya ba.

Laifin wa? Nawa ne kafin na kowa. Sefa dubu biyu na ba wani mai gyara a kasuwa a nan Garwa ya zuba mini manhajojin zane Photoshop da CorelDRAW. Ina tsaye ya kashe antibairos, ya ce ai yana hana aiki ne kawai, ni kuma na gyaɗa kai.

Bari in daɗe a nan kaɗan, don da na fahimci wannan tun farko da ban faɗa ba. Mu nan kile muke ce wa ɗan abin da ake sokawa a kwafi fayil, kile kuma muke ce wa lambar buɗe manhaja, shi ya sa muke ɗaukarsu kamar kaya ɗaya da ake miƙawa hannu da hannu. Lambar shaida ce kawai cewa kana da lasisi, wato izinin amfani bisa sharuɗɗan mai manhajar. In ka shigar da ita, manhajar tana tuntuɓar kamfanin ta intanet a tabbatar ta gaskiya ce kuma ba a wuce adadin kwamfutocin da aka yarda ba. Mai fasawa yana sauya wani fayil na cikin manhajar ne, ko ya toshe hanyar da take kiran gida. Kafin ya yi haka dole ka ba ɗan shirinsa cikakken ikon mai gida a kan na'urarka, ka kuma sallami mai gadi. Daga nan duk abin da aka ɗauro a bayansa ya shigo, ko mai kulle fayil ne, ko mai kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana. Shi ya sa tun a daren na ɗauki waya na sauya na imel da na Facebook.

Wani abin da ya ba ni haushin kaina shi ne, tun 2013 Adobe ya daina fitar da sabon Photoshop na saye sau ɗaya, CS6 na 2012 ne na ƙarshe. Yanzu haya ce, ka shiga da asusunka ka biya wata-wata ko shekara-shekara. Ke nan wanda ya ce zai sayar maka da kile na sabon Photoshop har abada, ya sayar maka da abin da babu shi. CorelDRAW kam har yanzu akwai na saye, sai dai kuɗinsa ba na ɗan koyo ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta shekarar 2000 ma ta haɗa da manhajoji, ko da yake ni ba tsoron doka ne ya koro ni ba, asara ce.

Ban biya ba. Na goge komai, na tsinto 'yan hotunan da na taɓa turawa ta WhatsApp, na sauke Inkscape da GIMP da Scribus, manhajojin zane da tsara shafi na kyauta, daga shafukan masu su. Dukkansu lasisin GPL ne: ka yi amfani, ka kwafa wa aboki, ka yi aikin kuɗi da su, babu lambar da za a nema.

Kwana uku na farko na sha wuya, hannu ya saba da wurin da kayan aiki suke a Corel. A rana ta huɗu alƙalamin lanƙwasa layi ya fara yi mini biyayya, bayan na gane cewa yawan ɗigon da ake dasawa a kan layi ne ke sa zane ya yi ƙulu-ƙulu. Almakashin tambarin telan nan da ɗigo goma sha huɗu na sake zana shi, kuma ya fi na da kyau. Shi ma ya faɗa.

Inda na yi tuntuɓe shi ne launi. Inkscape da launin allo yake aiki, RGB, injin buga takarda kuwa tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Koren da ke ƙyalli a allona ya fito a takarda kamar miyar kuka ta kwana. Yanzu zanen a Inkscape, sai in kai shi Scribus in fitar da PDF da launin bugu. Mai injin ya kuma ce in riƙa mayar da rubutu ya zama zane kafin in kawo, don in babu irin haruffana a kwamfutarsa sai ta musanya su da wasu.

Su ma haruffan ashe da lasisinsu. Yawancin masu adon da na kwaso a baya na amfanin kai ne kawai, ba na sana'a ba, kuma ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar suna. Andika da Noto Sans suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda a yi sana'a da su kyauta, kuma suna da namu har da ŋ na Fulatanci. Wannan ya yi mini rana, tunda dangin angon Fulani ne, katin harshe biyu zai ɗauka.

Aikin mako mai zuwa: in gama katin kafin Juma'a, in ajiye kwafi a kile ɗin da ba ya kwana a jikin kwamfuta. Wanda a cikinku ya taɓa buɗe fayil ɗin CDR, wato na CorelDRAW, a Inkscape rubutun bai watse ba, don Allah ya nuna mini yadda ya yi, telan yana da tsoffi guda shida.