Fitilun da ake ƙara wa mota: abin da ke wucewa a Maraɗi da abin da ke jawo tsayarwa a hanya

Masu mota da yawa a Maraɗi suna ɗauka duk fitilar da ake saidawa a kasuwa halal ce a kan titi. Ba haka ba ne. Mai shago ya saida kayansa, amma direba ne zai tsaya gaban jandarma, ko gaban jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, in ya bi ta Ɗan Isa ya tsallaka Jibiya ya nufi Katsina.

Tushen dokar launi ɗaya ne kusan ko'ina, kuma yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tsara shi: gaba fari ko rawaya, baya ja, sigina ruwan goro, fitilar ribas fara. Shuɗi mai walƙiya na motocin 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da motar asibiti ne. Wanda ya saka ja a gaba ko fari mai ci kullum a baya ya rikita na bayansa da na gabansa, ba su san ko tahowa yake ko tafiya ba. Bambancin ƙasa da ƙasa yana cikin ƙananan abubuwa. A Amurka an yarda sigina ta baya ta zama ja, shi ya sa motocinsu da ke shigowa ta Kwatano suke zuwa haka, kuma fitilar ƙarƙashin mota kowace jiha da hukuncinta. A Turai siginar baya ruwan goro ce. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan kuwa haskenta na ɗagawa ta hagu, wato cikin idon mai tahowa, tunda mu da Najeriya duk hannun dama muke bi. Wannan galibi ba saiti ke gyara ta ba, sai an canza fitilar gaba ɗaya.

Inda aka fi ɓarna shi ne ƙwan gaba. Ƙwan H4 na asali, wato ƙwan halojin da motoci da yawa ke zuwa da shi, wat 60 ne a dogon haske, 55 a gajere, yana jan kusan amfiya 5. Sai a cire a sa mai wat 100, wanda ke jan sama da 8 ta wayar da ba a yi ta don haka ba. Soket ya narke, makunnin sitiyari ya ƙone, wani kuma ya ɗaure fis da zaren waya, daga nan gobara. LED a cikin gidan fitilar da aka yi don ƙwan halojin ita ma matsala ce: madubin ciki an lanƙwasa shi ne daidai wurin da zaren ƙwan yake, in hasken ya fito daga wani wuri sai ya watse sama. Direba na ganin gari ya waye, mai kabu-kabu da ke tahowa ya makance. Ga kuma hazo: farin da ya karkata ga shuɗi, mai lambar launi 6000K zuwa sama, ya fi damun ido in ƙura ta maido shi. Tsakanin 3000K da 4300K ya fi sauƙi ga ido a lokacin buji.

Saiti ba ya cin kuɗi. Ka tsayar da mota a fili shimfiɗaɗɗe, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bango. Bakin gajeren haske ya sauka kusan santimita 10 ƙasa da layin. In ana loda buhuna a baya, a sake dubawa da kayan a ciki, don gaba na ɗagawa.

Sigina in an maida ta LED takan riƙa ƙyaftawa da sauri, domin na'urar ƙyaftawar tana jiran nauyin ƙwan wat 21. A sa rezista (abin da ke cike gurbin wannan nauyin) om 6 wat 50 a kowane ƙwai, a ɗaure ta jikin ƙarfe don tana zafi, ko a canza na'urar ƙyaftawar zuwa ta LED.

Doguwar fitilar saman mota tana da amfani a hanyar daji, ba a tsakiyar gari ba. Mai wat 120 na jan amfiya 10: a ba ta waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5, rile (makunnin lantarki mai ɗaukar nauyin wutar), da fis na amfiya 15 kusa da batir, da makunninta daban. A kashe ta da zarar an hango mai tahowa, a kwalta kuma a rufe ta da marfinta, musamman in za a tsallaka iyaka.