Walker, Fuller da Tucker: yadda na bi sawun sunan masu tattaka ulu a Ingila

A gidan kallo gardamar ta taso, lokacin Kyle Walker yana Manchester City. Duk wanda ya ga yadda yake bin ɗan gaba har ya cim masa ya san ƙafarsa ba ta wasa ba ce. Wani abokinmu, ɗan gani-kashe-nin Man United, ya ce shi abin da ke ba shi dariya, mutum sunansa mai tafiya amma sana'arsa gudu. Da yake ni ne malamin Turanci a majalisar, sai aka juyo kaina: "Malam, wai kakansu yawon banza yake yi aka laƙaba masa wannan suna?" Na ce a ba ni lokaci. Lokacin nan kuwa ya cinye mini hutu da data mai yawa.

Abin da intanet ta fara zubo mini shara ce. Shafuka birjik, kowanne da hoton garkuwa mai launi, an rubuta wai tambarin gidan Walker ke nan, ga labari mai daɗin ji na jarumai da sarauta, a ƙasa kuma ga farashin kofin shayi ko riga mai ɗauke da tambarin. 'Yan kasuwa ne kawai. A Ingila irin wannan tambari ba na suna ba ne. Mutum guda ake ba wa, magadansa su gaje shi, kuma akwai hukumar da ke kula da shi a Landan, College of Arms, wadda Sarki Richard na Uku ya ba ta takardar kafuwa a 1484. Saboda haka duk shafin da ya ce maka ga tambarin duk wani Walker na duniya, aljihunka yake hari. Tun daga nan na ɗora wa kaina ƙa'ida: wanda yake son sayar mini da kofi ba zai koya mini tarihi ba.

Hanya ta buɗe ne da wani tsohon ɗalibina da ke karatu a can ya duba mini babban ƙamus na sunayen dangi na Birtaniya da Ayalan, wanda jami'ar Oxford ta buga a 2016, mai bayanin sunaye sama da 45,000. Salon aikin masu ƙamus ɗin ya fi abin da suka rubuta amfani a wurina. Ba sa kallon suna yadda ake rubuta shi yau su yi hasashe. Komawa suke yi ga tsofaffin takardun haraji da na kotu na shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce, su ga yadda aka rubuta shi a lokacin, da inda mai sunan yake zaune, sannan su buɗe baki.

Da aka bi ta nan sai ga shi Walker sunan sana'a ne. Ya fito daga wealcere na tsohon Turanci, daga aikatau wealcan, wanda ma'anarsa ta farko mirginawa ce da jujjuyawa. Ma'anar tafiya da ƙafa daga baya ta shigo. Shi wealcere kuwa mutum ne da ke karɓar yadin ulu daga hannun masaƙi ya ƙarasa shi.

Aikin nasa ya cancanci a tsaya a kansa. Yadin ulu idan ya sauka daga masaƙa sakwa-sakwa yake, kana hango haske ta tsakanin zare, ga maiƙon jikin tunkiya da man da aka shafa wa gashin kafin a kaɗa shi. Ba ya tare sanyi, ba ya tare ruwa, a ƙasar da ruwa da sanyi su ne abokan zama. Sai a jefa shi cikin kwami, a zuba ruwa, a haɗa da wata irin laka mai tsotse maiƙo, ko kuma fitsarin da ya kwana biyu ya yi ƙarfi, domin shi ne sabulun talaka a wancan zamani. Mutum ya naɗe wando ya shiga ba takalmi, ya yi ta tattakawa yana juya yadin da ƙafa, awa bayan awa, har zaren ya kama juna, yadin ya tsuke ya yi kauri. Daga nan a ɗauraye, a kai fili a ɗame shi a kan katakai masu jerin ƙugiyoyi don kada ya karkace wajen bushewa. Ka ƙiyasta warin da ke bin mutumin nan zuwa gida. Sana'ar ma ta girmi Ingila: a kufan birnin Pompeii na Italiya har yau akwai wuraren wannan aiki da kwamayensu, kuma Sarkin Rum Vespasian har haraji ya ɗora a kan fitsarin da ake tara musu.

Ban gane abin sosai ba sai da na tuno masu bugu na Kano, waɗanda ke zama gaban gungumen icce da guduma a hannu suna dukan shadda ko yadin da ya fito daga marina. Manufar ta bambanta, su sheƙi suke nema, wancan kauri, amma matsayinsu ɗaya ne: hannun ƙarshe kafin kaya su shiga kasuwa. To a ce ana kiran wani Sani Mai Bugu, sannan laƙabin ya manne wa ɗansa da ya zama malamin makaranta, da jikansa likita, har tattaɓa-kunnen da bai taɓa riƙe guduma ba. Abin da ya faru a Ingila ke nan.

Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, Baturen Ingila suna ɗaya gare shi, sai laƙabi in ya samu, kuma laƙabin tare da shi ake binne shi. Manyan masu filaye ne suka fara gadar da suna. Talakawa sun biyo baya a hankali, akasari tsakanin 1250 da 1400, kudu ta riga arewa. Shaidar da ta fi burge ni takardun harajin kai ne na 1377 da 1379 da 1381. A na farkon, duk wanda ya kai shekara 14 sai ya biya kwabo huɗu, kuma masu karɓa suna bi gari-gari suna rubutu. Inda aka rubuta suna tare da sana'a, wani lokaci su dace, wani lokaci ka ga sunan yana cewa abu kaza, sana'ar tana cewa wani abu dabam. Wannan saɓani shi ne alamar da masana ke kamawa cewa sunan ya daina bayanin mutum, ya zama gado. Harajin na uku shi ya tunzura tawayen manoma na 1381, kuma jagoransa Wat Tyler shi ma sunan sana'a yake ɗauke da shi, na masu rufin ɗaki da fale-falen yumɓu.

Inda na fi daɗewa shi ne kan taswira. Akwai shafukan da suka ɗauki ƙidayar jama'a ta 1881 suka zana inda kowane suna ya fi yawa, launi yana ƙara duhu inda masu sunan suka taru. Na sa Walker, sai arewa ta yi duhu: Yorkshire, Lancashire, Durham, tsakiyar ƙasar, har cikin Sikotlan. Na sa Tucker, sai launin ya tattare can kudu maso yamma, Devon da Somerset da maƙwabtansu. Na sa Fuller, ya koma kudu maso gabas, wajen Kent da Sussex da gabashin ƙasar. Sunaye uku, sana'a ɗaya. Karin harshe ne ya raba su. Fuller daga fullo na Latin ya samo asali. Tucker daga tucian, wato azabtarwa, kuma wanda ya ga abin da ake yi wa yadin nan ba zai ce an yi ƙari ba. Abin mamakin shi ne, shekara ɗari biyar bayan sunayen sun kafu, bayan jirgin ƙasa da masana'antu sun yamutsa mutane, iyakokin nan uku ba su goge ba. Yawancin mutane ba sa nisa da inda aka binne kakanninsu.

Sunayen wurare ma sun ba da shaida. A arewa za ka ci karo da Walkmill, a Cornwall akwai ƙauyen Tuckingmill, a birnin Exeter kuma Tuckers Hall na nan tsaye, ginin ƙungiyar masaƙa da masu wannan sana'a tun 1471. Kalmar mill, wato inji, da ke cikin Walkmill da Tuckingmill ta tuna mini wani abu: tun a 1185 wata takardar lissafin kadarori ta ambaci injin ƙarasa yadi a Yorkshire, wanda ruwan rafi ke juyawa, manyan gudumomin katako suna ɗagawa suna faɗuwa a kan yadi a madadin ƙafa. Ke nan a daidai lokacin da sunan yake zama gado, tattakawa da ƙafa ta fara ja da baya. Amma ulu bai ja da baya ba. Shi ne arzikin Ingila na ƙarnoni, shi ya tayar da Leeds da Bradford da Halifax da Huddersfield, kuma har yau shugaban majalisar dattawansu a kan buhun ulu yake zama.

A tsibiran yammacin Sikotlan aikin hannu ya jima bai mutu ba. Mata ne ke zagaye dogon katako, suna miƙa wa juna jiƙaƙƙen yadi suna bugawa, suna rera waƙa da harshen Gelik don hannu ya tafi tare. Wasu iyalai masu sunan Gelik mai ma'anar ɗan mai wannan sana'a sun mayar da nasu Walker da Turanci ya yi ƙarfi.

Ba kowane Walker ne ya fito daga kwami ba. A Newcastle akwai unguwa mai suna Walker a bakin kogin Tyne, kuma nata sunan ba ruwansa da yadi: fadama ce kusa da ganuwa, wato ganuwar da Sarkin Rum Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122. Wanda ya tashi daga can ya sauka wani gari yana iya ɗaukar sunan mahaifarsa. Su kaɗan ne, amma sun isa su hana mutum yanke hukunci da gaggawa.

Ta fuskar yawa, Walker yana cikin sunaye ashirin na gaba a Ingila, ya yi wa Fuller da Tucker fintinkau. A ganina dalilin a fili yake: yankin da ake amfani da kalmar ya fi faɗi, kuma a can ne jama'a suka fi ƙaruwa zamanin masana'antu. A Amurka, ƙidayar 2010 ta sa shi na 31, da mutum sama da rabin miliyan, alhali Smith da ke kan gaba ya haura miliyan 2.4. Yawan nan kansa yana faɗin wani abu. Kowane gari mai saƙa yana da nasa mai tattakawa, don haka sunan ya tsiro a ɗaruruwan wurare ba tare da wani ya san wani ba. Walker biyu da suka haɗu a tasha, da wuya a ce jini ya haɗa su.

Akwai kuma hanyar da sunan ya bi wadda ba daɗin ji. Da yawa daga cikin masu amsa shi a Amurka da tsibiran Karibiyan baƙar fata ne, zuriyar waɗanda aka bautar, aka raba su da sunayen kakanninsu, suka wayi gari da sunan mai gona, ko na mai tsaronsu, ko wanda aka ba su a coci, ko wanda suka zaɓa bayan 'yanci. Wasu ta aure suka same shi. Madam C. J. Walker, attajirar nan mai kayan gyaran gashi da ta rasu a 1919, an haife ta ne a 1867 da sunan Sarah Breedlove, na mijinta ta ɗauka.

A nan ne taswira ta so ta ja ni. An haifi Kyle Walker a Sheffield a 1990, Sheffield kuwa cikin Yorkshire take, tsakiyar inda launi ya fi duhu. Komai ya zauna daram, sai ka ce an gama. Amma ta wajen uba asalinsa Jamaika ne, tsibirin da Ingila ta kama a 1655, inda bayi ba su sami cikakken 'yanci ba sai 1838. Sunan ya tsallaka teku ya dawo. Taswirar 1881 tana da ta cewa a kan kalmar, ba ta da ta cewa a kan gidansu. Ma'anar suna dabam, tarihin iyali dabam, kuma masu sayar da kofi da gangan suke cakuɗa su.

Wanda ke son na biyun sai ya fara daga kansa ya yi baya, takarda bayan takarda. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales ta fara a 1837, kuma shafin FreeBMD ya ɗora jerin sunayen kyauta. Ƙidayar da ta fara rubuta sunan kowa ita ce ta 1841. Ta 1881 ana iya bincika ta kyauta a FamilySearch, ko da waya ce a hannunka, in dai kana da haƙuri da rubutun da aka kwafa ba daidai ba. In ka wuce 1837 sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban wazirin sarkin Ingila na lokacin, ya ba da umarnin a fara ajiyewa a 1538, kodayake da yawa daga na farkon sun ɓace. Tsakanin 1538 da zamanin da sunan ya kafu akwai kusan shekara ɗari biyu da talaka ba ya bayyana a takarda sai in ya biya haraji ko an kai shi kotu, kuma a nan igiyar yawancin masu bincike ke tsinkewa.

Ta ɗaya ɓangaren ma akwai giɓi. Sai ƙidaya ta cika shekara ɗari ake buɗe ta ga jama'a, shi ya sa ta 1921 ba ta fito ba sai Janairun 2022. Ta 1931 ta Ingila da Wales gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Mai jiran ta gaba sai ya jira ta 1951, wadda ba za a buɗe ba sai 2052.