Ni da feda da muryoyin likitoci

Aikina shi ne in saurari bayanin da likita ya naɗa bayan ya duba mara lafiya, in mai da shi rubutu. A ɗakin yara nake yi, nan Bronx a birnin New York, in sun tafi makaranta. Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta, abin sauraro a kunne, sai feda a ƙarƙashin tebur. In na taka murya ta tafi, in na ɗaga ƙafa ta tsaya, kamar mai ɗinki da keken ƙafa.

Da layi ake biyanmu, layi kuwa harafi 65 ne. Don haka likitan da ke magana a tsanake arziki ne. Akwai wani likitan zuciya da ba ya naɗar bayani sai yana tuƙi, ga ƙarar sigina, ga cingam a baki. Jimla ɗaya sai in yi ta mai da ita baya har ƙafata ta gaji, kuma ba mai biyana wannan lokacin.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya rage mana abinci ya faro tun 2009, da dokar HITECH ta tura asibitocin Amurka ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, likitoci suka fara cike abubuwa da yawa da hannunsu. Sai kuma ga manhajar da ke jin magana ta rubuta. A 2022 Microsoft ta kammala sayen kamfanin Nuance, masu irin wannan manhaja mai suna Dragon, a kan kuɗi kusan dala biliyan 20. Mai zuba irin wannan dukiya ai ya san inda aka dosa.

Yanzu yawancin aikina gyaran rubutun na'ura ne, kuma kamfaninmu rabin kuɗin layi yake ba mu a kansa, wai gyara ya fi sauri. Wani lokacin haka ne. Amma ita na'ura ba ta san shakka ba. Ni in ban ji kalma ba sai in bar gurbi in sa alama, ita kuwa cikewa take yi. Sai ta sa hydralazine na hawan jini a gurbin hydroxyzine na ƙaiƙayi, ko 50 inda likita ya ce 15, kuma jimlar ta zauna daram. Dole in saurari komai daga farko, don masu duba aikinmu ba sa karɓar abin da ya gaza kashi 98.

Wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi ta bar mu ta koma aikin sa wa cututtuka lambobin ICD-10 don biyan inshora. Kullum maganarta, "Ke dai yi jarrabawar CPC ki huta." CPC ita ce takardar shaidar ƙwarewa a wannan aikin sa lambobi. Da awa ake biyanta, har da inshorar lafiya. Sai dai sabon shiga, yawanci a ofis ake so ya fara. An kuma yi mini tayin tafinta ta waya tsakanin likitoci da dattawanmu na Gana da Nijar, amma da minti ake biya, kuma ban ga zan iya gaya wa sa'ar mahaifiyata da bakina cewa ciwon daji ne ba.

Ofis ɗin ne matsalar. Hajiya, surukata, tana da ciwon suga, ni ke yi mata allura da rana. Ƙarfe uku yara sun dawo. Ina sallata a kan lokaci, ba ruwana da jiran jirgi cikin sanyin Janairu. Duk mai yi mini lissafin albashin ofis ba ya sa waɗannan a ciki, alhali mai kula da Hajiya kaɗai sai ta cinye ƙarin da zan samu.

Littafin jarrabawar dai na saya, na hannu. Baban Ummi ya ce in na ci zai koma tuƙin dare don ya riƙa zama da Hajiya da rana. Na ce, "Baban Ummi, barcin fa?" Ya ce in fara cin jarrabawar tukuna. Kuɗin rajista sai bayan ƙaramar Sallah.