Ƙarfin aro da ya tara mu a Steem, shi ne kuma ya watsa mu

Na shiga Steem, dandalin rubutu na intanet da ke biyan marubuta da kuɗin kirifto, a ƙarshen shekarar 2017, lokacin da darajar kuɗinsa ke hawa kullum, kuma har yau ina rubutu a Hive, sarƙar (wato blockchain, rumbun bayanan da dandalin ke gudana a kai) da ta ɓalle daga cikinsa, duk da cewa mafi yawan waɗanda muka fara tare a nan Garwa ta ƙasar Kamaru sun daɗe da watsewa. Ba zan tsaya bayanin buɗe asusu ko adana mabuɗai ba, domin duk wanda ya taɓa harkar ya san su. Abin da ke raina shi ne maganar ƙarfin ƙuri'a na aro, wadda har yanzu idan na tuna ta sai raina ya ɓaci.

A tsarin Steem, nauyin ƙuri'ar mutum yana tafiya ne da yawan jarin da ya kulle, wanda ake kira Steem Power. Rubutu yana tara ƙuri'u na kwana bakwai, sannan a biya shi daga tukunyar lada ta kowa da kowa, gwargwadon nauyin waɗanda suka zaɓe shi. Sabon asusu kuwa ƙuri'arsa ba ta kai ko senti ɗaya ba. Mu kuma da Hausa muke rubutu, wani lokaci mu ƙara fassarar Faransanci a ƙasa, alhali manyan masu jarin nan ba su jin ko ɗaya daga cikin biyun. Saboda haka mutum zai yi yini yana tsara rubutu a kan yadda ake banda kifi a bakin Binuwai, mu goma mu zaɓe shi, a ƙarshen mako ya tarar da abin da bai isa kuɗin datar intanet da ya ƙona ba.

A cikin wannan hali ne wani Bature mai babban jari, wanda muka saba da shi ta wajen hotunan dorinar ruwa da nake sawa, ya yarda ya ara wa asusun ƙungiyarmu wani kaso na ƙarfinsa. Sarƙar ta tanadi haka: kuɗin yana nan a hannun mai shi, nauyin ƙuri'ar kawai yake koma wa wanda aka ara wa, kuma mai shi yana da ikon janye abinsa duk lokacin da ya ga dama. Mun san wannan sharaɗi a rubuce, amma babu wanda ya auna abin da yake nufi a aikace.

Watannin da suka biyo baya sun yi daɗi. A Janairun 2018 STEEM ɗaya, wato kuɗin dandalin, ya kai kusan dalar Amurka 8, SBD kuma, kuɗinsa na biyu wanda aka tsara ya tsaya a dala 1, ya taɓa haura dala 10 a ƙarshen 2017. Shagona na buga takardu ya koma wurin taro bayan sallar isha'i, kowa da wayarsa, ana layin wurin caji kafin a ɗauke wuta. Wata tela tana rubutu a kan ɗinkin amare, wani ɗalibi ya biya kuɗin rajistar jarrabawarsa ta bakaloriya da ladan hotunan kasuwar shanu. Muna mayar da ladan zuwa bitkoyin, mu sayar wa wani dillali, shi kuma ya turo mana sefa ta waya. Kusan duk abin da ya shigo, a makon muke fitar da shi.

Wata safiya a tsakiyar 2018 na buɗe rubutun telar nan, na danna ƙuri'ar asusun ƙungiya da cikakken nauyi kamar yadda na saba, sai adadin da ke ƙasan rubutun ya ƙi motsawa. Na ɗauka layin intanet ne, na kashe wayar na kunna, na sake dubawa a kwamfutar shago, abin yana nan yadda yake. Da na shiga shafin dukiyar asusun sai na ga gurbin ƙarfin aro babu komai, ɗan abin da muka mallaka ne kawai ya rage, wanda bai kai a kira shi jari ba. Janyewa a wannan tsari nan take take aiki a kan wanda aka ara wa. Babu saƙo, babu sallama. Na rubuta wa mutumin cikin ladabi, na jira, bai amsa ba, kuma har yau bai amsa ba.

Da yake komai a fili yake a kan sarƙar, ban sha wahalar gano inda ƙarfin ya koma ba. Ya mayar da shi ga ɗaya daga cikin asusun da ke sayar da ƙuri'a, waɗanda suka cika Steem a lokacin: marubuci ya tura musu kuɗi, su zaɓi rubutunsa, su kuma raba ribar kullum da waɗanda suka ara musu ƙarfi. Mu godiya kawai muke ba shi, su kuwa kuɗi suke ba shi, kuma farashi ya fara sauka. Dukiyarsa ce, ba na ja da haƙƙinsa, amma mutumin da ya san cewa akwai mutane a bayan asusun nan, wanda ya sha yaba hotunansu da hannunsa, da ya ba mu ko mako biyu mu shirya. Wannan rashin sanarwa shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Nauyin ya faɗo a kaina ne, domin ni na kawo 'yan ƙungiyar cikin harkar. Wani yaro a cikinmu ya karɓi waya mai kyamara mai kyau bashi, da niyyar ya riƙa biya kowane wata daga ladan hotuna. Da mai wayar ya matsa, sai mahaifinsa ya zo shagon da kansa, dattijo mai sayar da goro, ya zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa, muka gaisa sosai kafin ya ce, “Malam, yaron nan ya ce kai ka san inda kuɗin suke fitowa. To, yanzu ina suka tafi?” Na ce, “Baba, kuɗin ba su tafi ko'ina ba, wanda ya ara mana ƙarfinsa ne ya karɓe abinsa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ashe zanen aro ne. Ai ba ya rufe katara.” Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba, muka raba ragowar bashin ni da shi, na biya nawa kason daga cinikin shago a cikin damina, lokacin da aikin takardu ya fi ƙaranci.

Masu ba da labarin faɗuwar Steem sukan fara da abubuwan da suka zo daga baya. A Satumbar 2018 an kawo sabon tsarin da ya ɗaure yawan abin da asusu zai iya yi da yawan jarinsa, har ƙananan asusu suka kasa ko mayar da sharhi na wasu kwanaki. A Nuwamba kamfanin Steemit, wanda ya ƙirƙiri sarƙar, ya sanar da sallamar kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatansa, kafin shekarar ta ƙare kuma STEEM ya sauka ƙasa da senti 30. Duk wannan gaskiya ne, amma ya tarar da ƙungiyarmu ta riga ta karye. Faɗuwar farashi ta shafi kowa daidai, janyewar aron kuwa mu kaɗai ta shafa. Na sha zama ina lissafi: da mun kulle rabin abin da muka samu a watannin nan a asusun ƙungiya, darajarsa a sefa za ta faɗi, amma rabonmu a tukunyar lada zai tsaya, ƙuri'armu ta ci gaba da motsa wani abu, kuma da telar nan ba ta daina rubutu ba. Abin da ya hana mu shi ne a lokacin kwance jari yana ɗaukar mako 13, kowa yana ganin kulle kuɗi tsawon wata uku hasara ce ga mai bukata. Mun guji mako 13, muka zauna a kan abin da aka karɓe cikin daƙiƙa uku, tsawon lokacin da sarƙar ke ɗauka kafin ta rubuta sabon bulo, wato sabon shafin bayanai.

A 2020 na ga irin wannan abu a babban mataki. A Fabrairu Justin Sun, mai wata sarƙar kirifto da ake kira Tron, ya sayi kamfanin Steemit tare da ɗimbin jarin STEEM da kamfanin ya mallaka. Shaidun da ke tafiyar da sarƙar, manyansu guda 20 da ake zaɓa da nauyin jari, suka daskarar da wannan jari, a farkon Maris kuma wasu manyan kasuwannin musayar kuɗi suka yi amfani da ajiyar abokan cinikinsu wajen zaɓen sababbin shaidu. Ranar 20 ga Maris aka raba sarƙar, Hive ta fito, yawancin masu asusu suka tarar da kwafin dukiyarsu da rubuce-rubucensu a can. Mutane da yawa sun yi mamakin yadda aka juya iko da ƙarfin da ba na mai jefa ƙuri'ar ba, ni kuwa na riga na ɗanɗana. 'Yan kaɗan da suka rage a cikinmu ma suka rabu, wasu suka tsaya a Steem domin a can aka fi ba sababbin ƙasashe tallafin ƙuri'a, ni da wasu muka koma Hive. Na gaya wa waɗanda suka tsaya cewa tallafin nan ma aro ne da wani suna, ba su ji daɗin maganar ba, amma zumuncinmu bai yanke ba.

Fitar da kuɗi ma ya ƙara wuya tun da COBAC, hukumar da ke sa ido a kan bankunan Afirka ta Tsakiya, ta hana bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na yankinmu hulɗa da kuɗin kirifto a Mayun 2022, dillalai suka ƙara tsoro, suka kuma ƙara abin da suke cira. Saboda haka duk wanda ya zo wurina yanzu da tunanin zai biya haya da Hive, nakan buɗe masa asusuna ya ga ladan watan jiya da idonsa kafin in koya masa komai. Mafi yawansu ba su dawowa, kuma na fi son haka.

Ana tambayata me ya sa ban bari ba. Rubuce-rubucen da muka yi da Hausa a kan sana'o'in Garwa, da sharo, da noman auduga, da hanyar Marwa a lokacin ruwa, duk suna nan a kan sarƙar, babu mai iya goge su, kuma akwai Hausawa daga Kuseri da Njamena da Yola da muke karanta juna tun shekarun nan. Ina alfahari da asusun ƙungiya kamar yadda yake a yau. Tun da aka mayar da rabon lada rabi da rabi tsakanin marubuci da masu zaɓe a Agustan 2019, duk abin da asusun ya samu ta zaɓe muna kulle shi, ba mu taɓa kwance ko kaɗan ba. Ƙuri'arsa ƙarama ce, ba ta sayen waya, amma namu ce.

Kwanakin baya wani mai jari ya yi mana tayin aron ƙarfi mai yawa. Na gode masa, na kuma nemi abu biyu: ya rubuta a fili a kan sarƙar tsawon lokacin da zai bar mana shi, ya kuma yi alkawarin sanar da mu wata guda kafin ya janye. Sarƙar ba za ta tilasta masa cika alkawarin ba, amma aƙalla maganarsa za ta kasance inda kowa zai gani. Ya yarda da na biyu, ya ƙi na farko. Muka karɓa, muka kuma amince a tsakaninmu cewa duk ladan da ya shigo ta wannan aro rabinsa za a kulle, kuma babu wanda zai ci bashi da sunansa.