Ɗakin kajin da na gina sau biyu

Kashin kaji a kan tabarmar salla ne ya jawo komai. Kajin Hausa tara muke da su da zakara ɗaya a gidanmu na Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Da rana suna yawonsu yadda suka ga dama, da magariba su shige wani tsohon akurki na laka da muka tarar a gidan. In an shanya gero su ne, in an baza kuɓewa su ne. Ranar da wata ta haye tabarma ta yi abin da ta yi ana gab da kiran la'asar, maman yara ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi. Washegari na ari tef na nufi bayan ɗaki.

Watan Janairun 2023 ne, hunturu ya buɗe sosai, ko alwalar asuba sai an ɗumama ruwa. Saboda haka abu biyu ne kawai a kaina lokacin da nake zane a bayan takardar jarrabawar yara: sanyi da ɓarawo. Na zana ɗaki mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, bulo tun daga ƙasa har sama, taga ɗaya kamar faɗin tire, rufin kwano ƙasa-ƙasa yadda sai na sunkuya zan shiga. A ganina na rage kuɗin bulo, na kuma tsare kaji daga iska.

Lokacin ne ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta zama gwal. A wajen 'yan katako na Muda Lawal na yi zaman kusan awa biyu a kan benci ina jiran kuɗin da na tura su shiga wayar mai katako. A zaman nan ne kafintan da na ɗauka, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa.

"Malam, wannan shagon ajiya ne ko ɗakin kaji?"

Na ce na kaji ne, Baba.

"To ina za su sha iska?"

Na nuna masa tagar. Ya ce, "Allah ya sa alheri," ya miƙo mini takardata. Malamin makaranta kuwa, in ya riga ya yi zane da rula, sai dai Allah.

Da aka gama na ƙaro 'yan Noila, wani irin kajin gona masu saurin girma, guda 20 masu sati huɗu, na fara tsare su a kwali, da suka yi ƙwari na haɗa su da na gida. Kaji 30 ke nan a ɗaki ɗaya. Fabrairu lafiya lau, har maƙwabta na zuwa kallo.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, zafin bazara ya sauko gaba ɗaya. Wanda ya san Bauchi a Afrilu ya san ma'aunin zafi kan taɓa digiri 40. Wata rana na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu da rabi, na buɗe ƙofar, wani huci ya buge ni a fuska kamar na leƙa tanderun burodi. Warin kashi ya shige mini ido har sai da na yi ƙwalla. Kajin duk sun kwanta, baki buɗe, maƙogwaro na rawa, sun saki fukafukai nesa da jiki. Na tsoma yatsa a ruwansu, ya yi ɗumin shayi. Biyu daga cikin manyan Noila sun riga sun zama mushe a lungu. Washegari wasu biyu suka fara layi, na yi maza na sa musu wuƙa. Da su muka yi buɗa baki, amma ban ji daɗin naman ba.

Kaza ba ta gumi. Da haki take fitar da zafin jikinta, kuma jikin nata ya fi na mutum zafi tun asali, wajen digiri 41. In iskar da take shaƙa ta yi zafi kuma ba ta motsi, ba ta da wata dabara. Mafi ƙiba ita ke fara faɗuwa, shi ya sa kajin Hausa, da yake ba su da nauyi, duk suka tsira. Ragowar kwanakin azumin sai na koma buɗe musu ƙofa da rana, muka koma gidan jiya, gero da kuɓewa suka sake shiga uku.

Da ƙaramar salla Inna ta zo daga ƙauyenmu na wajen Darazo. Ta zagaya ɗakin, ta leƙa, ta fito tana fifita da gefen mayafi.

"Kai ɗan nan, kurkuku ka gina musu?"

Na ce ai akurkinku ma na ƙauye ba shi da taga, Inna.

"Akurki na kwana ne. Ka taɓa ganin kaza a akurki da rana tsaka? Tana gindin rumbu, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta."

Nan na gane inda na kwana. Na kwaikwayi akurki, na faɗaɗa shi, na sa masa kwano, sannan na ce su wuni a ciki.

Na koma wurin kafintan. Bai ce ai na faɗa maka ba, tambayata kawai ya yi ko na zo da wata takardar. Na ce a'a, Baba, wannan karon kai za ka zana.

Abin da ya fara dubawa rana ce, inda take fitowa da inda take faɗuwa. Allah ya taimake ni tsawon ɗakin daga gabas ya miƙe zuwa yamma, in ba haka ba da sai an rushe duka. Muka bar bangon gabas a toshe, don hadarin damina daga can yake tasowa da iskarsa. Bangon yamma muka rushe shi muka matsar, shi ma a toshe saboda ranar la'asar. Kudu da arewa kuwa aka sauke su zuwa layin bulo uku, daga nan har sama ragar waya. Da aka ɗan ƙara faɗin ma, ɗakin ya koma mita 4 da mita 2 da rabi. Kaji uku a kowace murabba'in mita shi ne abin da na tsaya a kai, kuma ko yanzu ba na wuce 30.

Rufin aka ɗaga shi har mita 2 da rabi, aka bar kwanon ya zarce bango da kusan kamu ɗaya da rabi don feshin ruwa da inuwa. A kan kwanon muka shimfiɗa zana biyu muka ɗaure da waya. Zanar nan ita ce mafi arha a duk aikin, ita ce kuma ta fi komai sauya ɗakin. Duk shekara sai an sabunta ta.

Wajen raga na so in yi rowa, in sayi siririyar nan mai manyan idanu. Baba ya ce ɓera zai ratsa ta, muzuru zai yage ta, damina biyu ta yi tsatsa. Muka sayi mai kauri mai idon rabin inci. Tana hana har gwara da kurciya shiga cin dusa, kuma tun da murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006 masu kiwo ba sa wasa da tsuntsayen waje. Ƙasa aka daɓe da siminti saboda gafiya, katako kuma duk aka shafe shi da baƙin mai kafin a kafa, ba a bar ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba, don gara a unguwarmu ba ta da kunya.

Kayan ciki ba su ci kuɗi ba. Sandar kwana katakon tubaitu ce da aka goge kaifinta, tsayin gwiwa da ɗan ɗori, kowace kaza taƙi ɗaya. Wurin ƙwai jarkoki ne masu lita 25 da na yanke gefensu, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, a lungun da ya fi duhu. Da farko na ɗora su sama da sandar, sai kajin suka mayar da su makwanci suka cika su da kashi, don kaza wuri mafi tsayi take nema da dare. Na sauke su ƙasa, magana ta ƙare. A daɓen ina zuba ɓuntun shinkafa daga injin casa, kaurin yatsa huɗu zuwa biyar, ina juya shi duk bayan kwana biyu. Muddin ya bushe babu wari. In ya jiƙe a gindin mazubin ruwa, a ranar nake kwashewa. Akwai kuma tsohuwar taya cike da toka da yashi, nan suke birgima su kakkaɓe ƙuma.

Sanyin da na ji wa tsoro tun farko, buhu ne maganinsa. Daga Disamba zuwa Janairu ina sakin labulen buhunan da aka ɗinke a gefen arewa da dare, in bar tazarar tafin hannu a sama, da hantsi in naɗe.

Abin da gini ba ya tarewa shi ne ciwo. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda kan share kajin unguwa da hunturu, wuya ya murɗe, kashi ya koma kore, rigakafi kawai ke tsayar da ita. Ina sayen rigakafin da ake kira LaSota, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, in ɗauko ta a fulas da ƙanƙara don zafi na kashe ta. In hana su ruwa na awa biyu da safe, sannan in dama a ruwan rijiya, ba na famfo mai sinadari ba, su shanye nan take. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajina, sai mu haɗu da maƙwabta uku mu raba rana ɗaya. Tsohon akurkin ma ya samu aiki: duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, sai ta yi sati biyu a wajensa kafin ta ga 'yan uwanta.

Kuskure ɗaya ya rage, kuma nawa ne. Baba ya ce a faɗaɗa ƙofa, na ce a bar tsohuwar don kada a sayi wani ƙyaure. Yanzu duk lokacin kwashe taki, wanda wani mai noman masara a hanyar Ningi ke zuwa ɗauka, baro ba ya shiga. Da bokiti nake fito da shi, sawu goma sha wani abu, maman yara na zaune a kan tabarmarta tana ƙirgawa.