Masallacinmu na ƙasa a Birni

Baƙo in ya zo Zinder, fadar Sarkin Damagaram ake fara kai shi, sai babban masallacin Juma'a. Namu ba mai kai baƙo. Yana can cikin lungun Birni, tsohuwar unguwar garin, jingine da wani ƙaton dutse. Sahu uku yake ci, na huɗu sai dai a shimfiɗa tabarma a waje.

Tsofaffi na cewa tun zamanin Sarki Tanimu aka gina shi, wanda ya rasu a 1884. To, a Birni duk katangar da ta tsufa Tanimu ake jingina wa. Kakana, wanda ya yi ladancinsa har ƙafa ta gaza, cewa yake masallacin na tsaye Nasara suka ci garin a 1899, yana tsaye kuma suka kwashe mulki zuwa Yamai a 1926.

Babu hasumiya. 'Yar matakala ce ta ƙasa a gefe, nan tsohon ke hawa ya kira salla. Bangon tubali ne, mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama, zankwaye a kusurwoyi. Ka ɗaga kai a ciki, ka ga azarar giginya an jera ta a kan bakan gizo biyu, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa, da suka haɗu a tsaka. Giginya ce saboda gara ba ta cika cinta ba. A watan Afrilu, lokacin da kwanon gidanmu ke gasa mu, can nake gudu bayan azahar. Sanyin ciki kamar na randa.

Shekarun baya wani ɗan unguwa ya yi arziki ya shafe bangon gabas da siminti, Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Amma siminti ba ya shiri da ƙasa. Ruwa ya bi ta tsaga ya shiga, ya rasa mafita, bangon ya yi ta ruɓewa daga ciki. Damina uku, sai ga shafen ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa.

Bana an koma yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, irin na da. Na je kallo ne da kaftanina, liman ya hango ni.

"Kai, jikan ladan, tsayuwa ka zo yi?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

Sai na naɗe wando na shiga kwaɓa ƙasa.